Ubanni Biyu, Ƙungiya Ɗaya: Tarihin 'Yan Besbol Na Jami'ar Waseda

A ƙofar babban ɗakin karatu na Jami'ar Waseda da ke birnin Tokiyo akwai mutum-mutumin dattawa biyu, daga ƙirji zuwa ka. Ɗaya na Abe Isoo ne, ɗaya na Tobita Suishu. Baƙon da bai san labari ba zai ɗauka wasu shaihunan malamai ne da suka cika duniya da littattafai. To, Abe malami ne kam, kuma ya yi rubutu, amma ba don haka aka tsayar da shi a nan ba. Wurin da aka gina ɗakin karatun filin wasa ne a da, filin Totsuka, inda ƙungiyar besbol ta jami'ar ta yi atisaye daga 1902 har zuwa 1987. Mutanen nan biyu su ne ubannin ƙungiyar. Tobita ɗalibin Abe ne, kuma ya girmama shi har ƙarshen rayuwarsa, amma amsarsu ta sha bamban kan wata tambaya da ta shafi duk wanda ke koyarwa a jami'a ko yake da ɗa a cikinta: me ake nema da ɗalibi idan aka sa masa rigar makaranta aka tura shi fili?

Na san besbol ba wasanmu ba ne, ko da yake yana cikin wasannin da aka yi a gasar nahiyar Afirka a Abuja a 2003. Bari in ɗan fayyace shi. Ƙungiya biyu ke karawa, kowacce da mutum 9. Majefi yana tsayawa a tsakiyar fili ya wurga ƙwallo mai tauri, girmanta kamar lemon zaƙi, ga abokin hamayyar da ke riƙe da gora. Idan ya buge ta, sai ya ruga ya zagaya tashoshi huɗu. Wanda ya dawo inda ya tashi ba a kama shi ba, ya ci maki ɗaya. Da an fitar da mutum uku sai a yi musaya, masu bugu su koma tsaro. Zagaye 9 ake yi, kuma babu agogo. Abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne, nauyin wasan a kafaɗar majefi yake, kafaɗa ta tsoka da jijiya, domin a wasa ɗaya yakan yi jifa sama da 100 da iyakar ƙarfinsa.

Wasan ya shiga Japan a 1872 ta hannun wani malami Ba'amurke, Horace Wilson. Bai zama abin da al'umma ta damu da shi ba sai a 1896, lokacin da ɗaliban wata makarantar share fagen shiga jami'a da ake kira Ichiko suka lallasa ƙungiyar Turawan da ke zaune a Yokohama da ci 29 da 4. A lokacin Japan na ɗaure da yarjejeniyoyin da suka hana kotunanta hukunta baƙin Turawa a cikin ƙasarta, don haka nasarar ta wuce ta fili. Tun daga ranar aka rataya wa besbol mutuncin ƙasa, kuma 'yan Ichiko suka yi suna da atisaye mai tsanani irin na masu koyon takobi.

Abe Isoo daga wata duniyar ya fito. An haife shi a 1865 a Fukuoka, ya yi karatu a Doshisha da ke Kiyoto inda ya karɓi Kiristanci, ya wuce Hartford a Amurka, sannan Barlin. A watan Mayun 1901 yana cikin mutum shida da suka kafa jam'iyyar gurguzu ta farko a Japan, wadda hukuma ta haramta cikin kwana biyu. A shekarar ce kuma ya karɓi shugabancin sabuwar ƙungiyar besbol ta makarantar da yake koyarwa, wadda Okuma Shigenobu ya kafa a 1882, ta kuma ɗauki sunan Waseda a 1902. Abe ɗan tanis ne, ba gwanin besbol ba. Abin da ya gani a wasan shi ne aji na biyu: wurin da matashi zai koyi bin doka ko da ba ta yi masa daɗi ba, ya karɓi hukuncin alƙalin wasa, ya sha kaye ba tare da ya ƙullaci wanda ya kayar da shi ba. Ya kuma yi imani cewa ƙasashen da matasansu ke haɗuwa a filin wasa za su rage sha'awar haɗuwa a fagen fama.

A 1903 'yan Waseda suka aika wa Jami'ar Keio, wadda ta girme su a wasan, takardar neman karawa. Aka yi wasan ranar 21 ga Nuwamba, Keio ta ci 11 da 9. Wannan ne farkon hamayyar da Japanawa ke kira Sokeisen, wadda har yau ake yi. Shekara ta zagayo, Waseda da Keio suka kayar da Ichiko ɗaya bayan ɗaya, sarauta ta bar gidan.

Sai Abe ya cika wani alkawari da ya yi wa ɗalibansa, wanda mutane da yawa suka ɗauka wauta ce. A watan Afrilun 1905, Japan na tsakiyar yaƙi da Rasha, ya samo yardar Okuma ya kwashi ƙungiyar zuwa gabar yammacin Amurka. A duba wannan hoto da kyau: a ƙarshen Mayu, sa'ad da jiragen ruwan yaƙin Japan ke nutsar da na Rasha a mashigin Tsushima, wani malami da ya fito fili ya yi adawa da yaƙin yana can ƙetaren teku da ƙaramin ayarin ɗalibai suna shan kashi a filayen wasa. Wasa 26 suka yi, suka ci 7, aka cinye su 19. Wasansu na farko da Jami'ar Stanford 9 da 1 aka tashi. Amma sun dawo da kaya: takalma masu ƙusoshi, dabarar ɗaga ƙafa da murɗa jiki kafin jifa, zamewa a ƙasa don isa tasha, ɗumama jiki kafin wasa, da tsarin rubuta duk abin da ya faru a fili. Abin da ya fi burge ni shi ne ba su ɓoye ba. Kyaftin ɗinsu, Hashido Shin, ya rubuta littafi a kan sababbin dabarun a shekarar, kowa ya saya ya karanta, har da Keio. Irin wannan kaye ya fi nasara amfani ga ƙasa, kuma halin Abe ne ya sa aka raba ribar. Ko jan launi mai duhu da ke jikin rigar Waseda aro ne daga Jami'ar Shikago, ta hanyar wani tsohon ɗan wasanta, Fred Merrifield, da ya horar da su kafin tafiyar.

Wani abin da suka kwaso a Amurka shi ne tsararren ihun magoya baya, kuma shi ya fara jawo musu masifa. A kakar 1906 Keio ta ci wasan farko, ɗalibanta suka je ƙofar gidan Okuma suna shewa. Waseda ta ci na biyu, nata ɗaliban suka rama a ƙofar gidan marigayi Fukuzawa Yukichi, wanda ya kafa Keio. Kafin wasa na uku gari ya ɗauki zafi har shugabannin makarantun biyu suka ga za a zubar da jini, aka soke. An zaci hutun ɗan lokaci ne. Shekara 19 ya ɗauka.

A cikin wannan tsakani ne aka yi wa wasan kansa shari'a a jarida. A 1911 jaridar Asahi ta Tokiyo ta jera maƙaloli sama da 20 kan illar besbol ga ɗalibai. Manyan masu ilimi suka sa baki. Nitobe Inazo, shugaban Ichiko a lokacin, wanda daga baya hotonsa ya hau takardar kuɗi ta yen 5,000, ya kamanta wasan da sana'ar 'yan sane, wai duk dabararsa yaudara ce da satar tasha. Wasu suka ce 'yan wasa ba sa karatu, makarantu na amfani da su don tallar kansu, ana karɓar kuɗin ƙofa, kuma yawan jifa na karkatar da kafaɗa. Abe ya tsaya ya kare wasan a rubuce da kuma a tarukan jama'a. Ina tare da shi a babbar magana, amma in aka cire zancen 'yan sane, sauran zarge-zargen ba ƙarya ba ne, kuma tarihin ƙungiyarsa da kansa ya gaskata wasunsu. Ita kuwa Asahi, da kiɗa ya sauya sai rawa ta sauya: a 1915 reshenta na Osaka ne ya ƙirƙiro gasar besbol ta makarantun sakandare, wadda a yau duniya ta sani da sunan Koshien.

Nan ne uba na biyu ya shigo. Tobita Suishu shi ne kyaftin ɗin Waseda a 1910, shekarar da Jami'ar Shikago ta ziyarci Japan ta cinye su a duk wasannin da suka yi. Ya ɗauki kayen a matsayin abin kunya na kansa, ya ajiye wasa, ya shiga aikin jarida. A 1919 ya bar aikin ya dawo a matsayin kocin ƙungiyar na farko, da buri ɗaya a ransa. Atisayensa ya yi suna da "atisayen mutuwa": a tsayar da ɗalibi a yi ta buga masa ƙwallo yana tarewa, ɗari bayan ɗari, har ƙafafunsa su gaza ɗaukarsa. Takensa shi ne a zuba dukkan rai a ƙwallo ɗaya. A wurinsa fili wurin tsarkake zuciya ne ta hanyar wahala, kuma atisaye ya fi wasan kansa daraja. A 1925 Shikago ta sake zuwa, Waseda ta rinjaye ta, Tobita ya ajiye aiki. Ya koma Asahi yana rubutu kan wasan ɗalibai na tsawon shekaru, kuma ta alƙalaminsa ne wannan aƙida ta ratsa makarantun ƙasar baki ɗaya.

Ba na raina Tobita. Mutum ne mai gaskiya da bai nemi dukiya da wasan ba, kuma ɗalibansa sun so shi. Matsalata da shi ita ce, aƙidar da ta mai da wahala ibada ba ta da wurin tsayawa. Idan jin zafi shi ne shaidar tsarkin niyya, yaron da ya ce kafaɗarsa na ciwo ya tona wa kansa asiri ke nan. Abe ya ɗauki ɗan wasa a matsayin ɗalibin da zai fita ya zama ɗan ƙasa mai tunanin kansa. Tsarin Tobita ya fi iya samar da wanda zai jure, ya bi umarni, ya yi shiru. Duk jami'a na buƙatar ɗan kaɗan daga na biyun, amma hukuma mai shirin yaƙi na biyun kaɗai take so.

A 1925 ɗin ce aka kammala haɗa gasar jami'o'i shida na Tokiyo: Waseda, Keio, Meiji, Hosei, Rikkyo da Jami'ar Tokiyo. Aka dawo da Sokeisen ranar 19 ga Oktoba, bayan Abe ya tsaya gaban 'yan kallo ya roƙe su su kama kansu. Waseda ta ci 11 da 0. A 1926 aka buɗe filin Jingu, daga baya rediyo ya fara watsa wasannin, karawar ɗalibai ta zama babban abin kallo a ƙasar tun kafin a kafa gasar ƙwararru a 1936. Rigima ba ta ƙare ba. A 1933 wani ɗan wasan Keio, Mizuhara Shigeru, ya mayar wa 'yan kallon Waseda guntun tuffa da aka jefo masa, fili ya yamutse. Tun daga nan aka ware wa kowace jami'a ɓangarenta na dindindin a filin.

Da yaƙi ya kankama, sojoji suka sa wa besbol ido a matsayin wasan abokan gaba. Makamin da masu kare shi suka samu a hannu shi ne harshen Tobita: cewa wannan ba nishaɗin Amurkawa ba ne, tafarki ne na horar da ruhi irin na Japan, ɗan'uwan takobi da kokawa. Hujjar ta sayo wa wasan 'yan shekaru, amma da tsada, domin duk wanda ya ce filinsa na ƙera jarumai ya riga ya amince da inda za a kai su. Shi ma Abe bai fita da farin riga tsaf ba. Ya shiga majalisa a 1928, kuma jam'iyyar da ya shugabanta ta goyi bayan yaƙin da aka ƙaddamar a Sin daga 1937, kafin ya bar ta a 1940. A watan Afrilun 1943 ma'aikatar ilimi ta rushe gasar jami'o'i shida. A kakar shekarar aka soke jinkirin shiga soja da ɗaliban fannonin fasaha da zamantakewa ke mora.

'Yan wasan Keio ne suka fara neman a bar su su kara da Waseda sau ɗaya kafin su tafi. Shugaban jami'arsu, Koizumi Shinzo, wanda ɗansa ya riga ya mutu a rundunar ruwa a 1942, ya amince nan take. A Waseda ne aka sha wuya. Shugabanta, Tanaka Hozumi, yana tsoron fushin hukuma, ya yi ta jan ƙafa. Tobita da shugabannin ƙungiyar suka nace, suka ɗauki nauyin abin a wuyansu. Ranar 16 ga Oktoba 1943 aka buɗe filin Totsuka. Koizumi ya ƙi kujerar manyan baƙi, ya je ya zauna cikin ɗalibansa. 'Yan Keio sun riga sun watse zuwa garuruwansu don sallama da iyaye, aka kirawo su ba shiri. 'Yan Waseda kuwa ba su daina atisaye ba. Aka tashi 10 da 1. Ba wanda ya damu da sakamakon. Bayan wasan kowane ɓangare ya rera waƙar makarantar ɗaya ɓangaren, jami'o'in da suka yi shekara 19 ba sa haɗuwa saboda gaba, sannan filin gaba ɗaya ya ɗauki wata waƙar soja mai suna Umi Yukaba, wadda maganarta mutuwa ce saboda sarki. Kwana biyar bayan haka aka yi faretin sallamar dubban ɗalibai cikin ruwan sama a Tokiyo, a Disamba suka shiga bariki. Kondo Kiyoshi, ɗaya daga cikin waɗanda suka buga wa Waseda a ranar, ya mutu a Afrilun 1945 a matsayin matuƙin jirgin ƙunar baƙin wake a yaƙin Okinawa.

Japanawa na ba da wannan labari da hawaye, har fim an yi a kansa a 2008. Ni abin da nake gani a ciki shi ne ubannin biyu a fili ɗaya a yini ɗaya. Rera waƙar abokin hamayya tarbiyyar Abe ce. Nacewar da ta sa aka yi wasan duk da tsoron hukuma ta Tobita ce, kuma dole a yaba masa. Waƙar ƙarshe kuwa ba ta kowannensu ba ce, sai dai ɗaya daga cikinsu ya share mata hanya fiye da ɗayan.

Bayan yaƙi abubuwa suka dawo da sauri. Waseda ta adana ƙwallaye da gorori masu yawa a lokacin da kayan wasa suka ɓace a ƙasar, ta raba wa sauran jami'o'in, gasar ta farfaɗo a 1946. Abe ya rasu a 1949, aka sa wa filin Totsuka sunansa. A nan zan ɗan ratse. Al'adar da ya bari, cewa malamin jami'a mai koyarwa ne ke shugabantar ƙungiyar a saman koci, tana nan a jami'o'in shida. Mu malamai a nan gida mun saba ɗaukar wasanni a matsayin aikin wani ofishi can bayan harabar makaranta, ba ma tunawa da 'yan wasanmu sai sun zo neman a ɗaga musu gwaji. Ƙungiyar da ba malamin da ya ɗauke ta tasa, da wuya ta samu mai rubuta tarihinta, balle mai tambayar ko yaran na cin jarrabawa.

Inuwar Tobita ma ba ta gushe ba. A Nuwamban 1960 Waseda da Keio suka yi kankankan a saman teburi, aka shiga wasan raba gardama. Filin Jingu ba shi da fitilu a lokacin, sau biyu duhu na raba su ba wanda ya ci. Wasa 6 aka yi cikin kwana 7. Majefin Waseda, Ando Motohiro, ya jefa 5 daga ciki tun daga farko har ƙarshe, 4 a jere, zagaye 49, jifa 564. Waseda ta ɗauki kofi, Ando ya zama gwarzo, kuma har yau ana ba da labarin a matsayin ƙololuwar tarihin gasar. Sai a 2020 hukumar wasan makarantun sakandare ta Japan ta ƙayyade cewa kada yaro ya wuce jifa 500 a mako. Ke nan abin da aka yi wa Ando tafi a kansa, shekara 60 bayan haka an hana a yi wa ɗan sakandare. Masu zargin 1911 da suka yi maganar kafaɗa sun jira fiye da ƙarni kafin a saurare su.

Na kusa-kusan nan shi ne Saito Yuki, wanda ya jefa ƙwallo 948 a gasar Koshien ta 2006, ya zama abin so ga ƙasar baki ɗaya, ya shiga Waseda a 2007 ya cika filin Jingu da 'yan kallo. Ya ci wa jami'ar wasa 31 cikin shekara huɗu. Da ya shiga ƙwararru, ciwon kafaɗa da na gwiwar hannu suka bi shi, ya yi ritaya a 2021 da nasara 15 kacal cikin shekara 11. Ƙungiyar dai ta ci gaba da fitar da manya, irin su Wada Tsuyoshi da Aoki Norichika da suka buga a Amurka, da Okada Akinobu da ya jagoranci Hanshin Tigers ta ɗauki kofin ƙasa a 2023. Ta lashe gasar jami'o'i shida fiye da sau 45.

Inda nake ganin hannun Abe ya fi fitowa a yau ba a Waseda ba ne, a ƙasan teburi ne. Jami'ar Tokiyo, wadda ba ta ɗaukar ɗalibi don iya wasa sai wanda ya ci jarrabawarta mai tsanani, tana cikin gasar tun 1925 kuma ba ta taɓa ɗaukar kofin ba. A Oktoban 2010 ta kayar da Waseda da ci 4 da 2, Saito Yuki ne majefin da aka cinye. Daga nan ta sha kaye sau 94 a jere, sai a Mayun 2015 ta samu kan Hosei. A duk tsawon shekarun ba a fitar da ita daga gasar ba, kuma kowace bazara da kowace kaka 'yan Waseda na fitowa da cikakkiyar tawaga su jera a gabanta, su cire hula su sunkuya, kafin a fara jifa.